Garin Kuza a Harawar Baba Maiwada

Duk Bakori babu wanda bai san ragon Lamidi ba. Fari ne tas, kunne ɗaya baƙi, ƙahon nan ya murɗe ya sake murɗewa, in yana tafiya sai ka rantse hakimi ne ya fito rangadi. Ɗan Gata ake ce masa, kuma sunan bai faɗi ƙasa banza ba. Dusa da kanwa da safe, kowar wake da rana, ranar Juma'a wanka da sabulu. Mudi mahauci ya sha faɗa cewa shi ko a gidan ubansa bai ga irin wannan gata ba.

Ragon suna ne. Cikin Shafa'atu matar Lamidi ya tsufa, cikin fari kuwa, shi kuma gogan ya ci alwashin ranar suna sai garin nan ya san an haihu a gidan uwarsa, Iya Afusat mai kayan koli. Don Lamidi Bayerabe ne. A nan Bakori aka binne cibiyarsa, Hausar bakinsa ta fi ta wasu masu tsage a kumatu, amma tun ranar da ya auri 'yar gari ake zuba ido a ga inda zai gaza. Shi kuwa ya ce ko zai gaza, ba a kan rago ba.

Da can gyaran keke yake yi a bakin tasha. A daminar da ta biyo bayan zaɓen sittin da huɗu ne Malam Abdussamad malamin gona ya ɗauke shi aikin feshi, wai wanda ya iya famfon keke ba zai kasa famfon goyo ba. Wani sabon magani aka kawo gwaji, farin gari a gwangwani, na cutar nan da ke ɗiga wa ganyen gyaɗa baƙin tabo har ya kaɗe tun ba a kai ga cira ba. Ana neman gonar gwaji, sai Lamidi, da rawar kai irin ta sabon suruki, ya ce ai ga gonar Baba Maiwada, wan uban Shafa'atu, wanda ya riƙe ta tun tana yarinya. Shi a ganinsa alheri ya kai wa surukinsa har gida.

Ranar da za a fara, Malam Abdussamad ya tsaya a bakin gona yana bayani, biro uku a aljihu.

"Wannan gari da kuke gani, asalinsa kuza ce. Kuzar Jos. A narka ta, a kai ta ƙasar Jamus, a dafa ta da wata iska mai shaƙe mutum har ta koma ruwa mai hayaƙi. Sannan a ɗauko wasu abubuwa da ake tatsa daga kwal, a liƙa wa kowace ƙwayar kuza guda uku. In an liƙa mata biyu, ba ta da wani ƙarfi. In huɗu ne, ta yi sanyi. Amma uku, to nan dafin yake."

"Wato dai Malam," in ji Lamidi, "kuzarmu ta tafi Turai salun-alun, ta yi mugayen abokai uku, ta dawo 'yar iska."

Aka yi dariya, ban da Baba Maiwada. Tsohon ya tofar da goro ya ce, "Kuza? Ni za a gaya wa kuza? Lokacin yaƙi da aka kwashe mu aikin tilas, a Bukuru na yi zama. Na haƙe ta, na wanke ta, na ci ta a tuwo, na sha ta a ruwa. Sanyi ne ya kashe mutane a can, da yunwa. Kuza ba ta taɓa kashe ko kiyashi ba. Ku dai fesa abinku."

Aka fesa. Damina guda Lamidi na goye da famfo kamar mai jego, yana bin kunya-kunya a rabin gonar, ɗaya rabin an bar shi haka nan don a gwada. Shi ya san abin da garin nan yake yi, don a jikinsa ya ji. Inda ruwan ya zubo masa a gadon baya sai da fata ta saɓule. Kwatar da yake wanke famfo a ciki kuwa, kafin sati ta cika da bawon dodon koɗi da 'yan talibambam sun juya ciki sama. Tsutsa ma in ta hau ganyen, sai ta ɗanɗana ta ɗaga kai ta tsaya, kamar baƙon da aka ba miyar da ta kwana.

Amma fa magani ya yi aiki, wannan ko maƙiyi ya shaida. Da kaka ta zo, gyaɗar kowa a yankin nan ta zama tsirara, ganye ya zube, sai kara. Rabin gonar Baba Maiwada kuwa kore shar, ganye cunkus, mutane na zuwa kallo daga ƙauyuka. Kuma ba gyaɗar suke kallo ba. Ganyen suke kallo. Kowa ya san bana harawa za ta yi wuya, ga Baba Maiwada da bijiman huɗa biyu waɗanda su ne ƙarfin gidan gaba ɗaya.

Malam Abdussamad ya zo da sikeli, aka auna gyaɗa, ya yi ta murmushi. Da ya gama ya hau babur, ya tayar, sannan ya yafito Lamidi da hannu, ya sunkuyo kamar mai ba da sautun goro.

"Harawar ɓangaren da aka fesa, a tara a ƙone. Kada dabba ta ci."

"Malam, ka gaya wa Baba?"

"Ai surukinka ne. Ka fi ni sanin bakinsa."

Ɓurrr, sai ƙura. Kai jama'a! Mutum ya tsaya rabin yini yana bayanin 'ya'yan kwal uku, amma kalma ɗaya da za ta ɓata wa tsoho rai ya ɗora wa ɗan gyaran keke ya gudu. Lamidi ya bi babur ɗin da harara har ya sha kwana.

Kafin ya gama tauna yadda zai faɗa, Baba Maiwada ya sa 'ya'yansa sun naɗe harawar dami-dami, ta sha iska, an ɗora ta a rassan ɗorawar da ke bakin gona. To, kowa ya san dokar. Harawa in ta hau bishiya ta zama amana. Ko ɓarawon akuya ba ya taɓa ta, don wanda aka gani a kan bishiyar wani yana sauke dami, har jikokinsa sai an yi musu gori.

Lamidi ya je gida ya same shi, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa.

"Baba, Malam ya ce harawar nan a ƙone ta."

"A me?"

"A ƙone, Baba. Maganin yana jikin ganyen. In shanu suka ci..."

"Malam ya ce. Ina Malam ɗin? Ni bai da baki ne da ya auna gyaɗata?" Tsohon ya gyara zama. "Kai Lamidi, dube ni nan. A shekarar da babu harawa, Allah ya ba ni, ka ce in sa mata wuta? Wannan ai sai Allah ya tambaye ni. Kuma na gaya maka, kuza ce. Gwangwanin madarar da kuke sha a tasha da me aka shafe cikinsa?"

"Baba, waccan kuza ce ita kaɗai. Wannan an haɗa ta da..."

"An haɗa ta da wayon Yarbawa. Tashi ka ba ni wuri."

Washegari magana ta zaga kasuwa, kuma ta zaga da ƙafafu huɗu. Wai Lamidi ya shirya da masu kiwon raguna na Funtuwa, zai ce ya ƙone harawa, ya loda ta a mota. Wai dama abin da ya sa ya kai gwajin gonar surukinsa ke nan. Mutanen da ya yi wa facin taya bashi ba adadi, waɗanda suka ci alalar uwarsa tun suna yawo ba wando, su ne masu cewa, "Ai dama jini ba ya ɓuya." Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

Ya hau keke har ofishin gona a Funtuwa. Masinja ya ce Malam ya tafi kwas Kaduna, sai an ga wata. Ya dawo ya tarar da Shafa'atu tana kuka a ɗaki, ta ce an aiko daga gidansu, ciyawa ta bushe, gobe za a fara sauke wa bijimai harawa.

Sai kawai Lamidi ya juya keke. Da rana tsaka, ranar kasuwa, hanya cike da mutane, ya naɗe ƙafar wando ya haye ɗorawar Baba Maiwada ya fara jefo dami ƙasa. Bai kai ga ƙyasta ashana ba aka yi masa ca. Da ƙyar Mudi mahauci ya ƙwace shi, riga a yage, aka tasa shi gaba sai ƙofar dagaci.

Dagaci ya saurari kowa. Baba Maiwada ya yi maganar Bukuru tun daga farko, har da sunan kafiran da suka yi musu gadi. Lamidi ya tuɓe riga ya nuna tabon bayansa, wani daga baya ya ce ai ƙazuwa ce. Ya faɗi maganar dodon koɗi, aka ce to saniya dodon koɗi ce?

"To ni ban ga Malam ba, ban ga Bajamushe ba," in ji dagaci. "Gani ya kori ji. A ba wata dabba mu gani."

"Madalla, ranka ya daɗe," in ji Baba Maiwada. "Mai cewa guba ce, ai yana da rago."

Aka kwashe da dariya. Lamidi ya ji kamar an zuba masa ruwan randa. Ka ga dai tarkon. In ya ƙi, ya tabbata maƙaryaci ɓarawo, gobe bijimai su ci harawa. In ya yarda rago ya rayu, ya tabbata maƙaryaci ɓarawo. Hanya ɗaya ce tak da zai fita da gaskiyarsa, ita ce Ɗan Gata ya mutu.

"Ranka ya daɗe, ragon suna ne."

"Ai in kuza ce kawai, sai dai ya ƙara ƙiba," in ji Baba Maiwada. "Kyauta ma na ba shi harawa. Wa ya taɓa samun suruki irina?"

Lamidi ya dubi tsohon nan, ya tuna bijiman da ke noma abin da gidan su Shafa'atu ke ci, ƙannenta da gwaggonninta da shi kansa mai taurin kan.

"A kawo igiya. Amma ranka ya daɗe, kafin a gama, ko reshe ɗaya kada a ba shanu."

Dagaci ya ce ya yarda.

Aka ɗaure Ɗan Gata a turke a ƙofar dagaci, inda kowa zai gani, kada a ce an yi maguɗi. Ba dusa, ba kowar wake, sai harawar gwaji da ruwa. Iya Afusat da ta ji, ta zo har wurin da ɗankwali a ɗamare, ta zazzage wa duk wanda ke zaune Hausa, da ta ƙare mata ta ci gaba da Yarbanci, ta juya kan ɗanta ta ce, "Kai kuma uban 'yan gaskiya! Shanun ubanka ne?"

Da farko ragon ya shinshina ya kau da kai. Da yunwa ta ci shi, ya ci. Ya kuma ci. Kwanaki suka soma tafiya, ba abin da ya same shi, har wani sheƙi yake. Ƙofar dagaci ta koma dandali. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya.

"Lamidi, ya mai jiki? Na ga har ya fi ka kumatu."

"Oga," in ji Mudi, "in akwai sauran gubar nan a ɗan sammini, matata ta rame."

Lamidi na zaune a gefe yana kallon ragonsa. Abin da bai gaya wa kowa ba, in ya ɗaga hannu bayan salla rasa abin roƙo yake yi. Ya ce Allah ya raya ragon? Ya ce Allah ya kashe shi? Sai ya shafa kawai ya tashi.

Wata ranar Laraba da hantsi ragon ya bar ci. Zawo ya ɓalle masa, farin gashin nan da ake wankewa da sabulu ya ɓaci har ƙafa. Ido ya yi ta ruwa. Kashegari ya yunƙura zai tashi, ƙafafun baya suka ƙi, ya ja su ya zube. Masu tsokana suka rage murya. Zuwa azahar ya miƙe wuya yana numfashi sama-sama, Lamidi ya tallafe kansa a cinya yana kore masa ƙuda.

Sai ga Mudi da gudu, wuƙa a hannu, yana wasa ta a tafin hannu.

"Matsa, matsa, Oga! Juya shi gabas kafin ya tafi!"

Mutane suka taso, wani ya kama ƙafa, wani ya aika a kawo tire. Ka san mu. Dabba in za ta mutu, ba a tambayar me ya same ta, wuƙa ake nema. Lamidi ya ɗaga kai ya ga yara sun fara taruwa da 'yan kwanoni, ya ga Mudi na auna cinyar da ido. Nan take ya gane inda naman zai kwana. Rabi a tukubar tsire, rabi a tukwanen unguwa, hanta kuwa, inda duk abin da rago ya ci yake taruwa, ita za a kai wa mai ciki don girmamawa. Shafa'atu.

Ya kifa a kan ragon, ya rungume wuyan.

"Ba mai yanka shi."

"Kai, ka haukace? Zai yi mushe!"

"Ya yi."

"Lamidi, ka ji tsoron Allah," in ji wani dattijo. "Halal ɗin nan guda za ka bari ta lalace?"

"Baba, in an yanka, za ku ci ko ba za ku ci ba?"

"To, in an wanke da kyau, aka zubar da kayan ciki..."

"Ka ji ko! Kun ga abin da ya kayar da rago, ku ga shi da idonku, amma kuna neman faranti! In na ce a binne, za ku tone. In na ce guba ce, za ku ce wuta na kashe ta. Abu ɗaya na sani da ba za ku ci ba ko ana yunwa, shi ne mushe. To mushe zai yi. Ragona ne, ni na saya, ni na yi masa wanka. Mudi, wallahi in wuƙar nan ta matso sai dai ka haɗa da hannuna."

Mudi ya tsaya da wuƙa a sama, ya dubi dagaci. Dagaci ya dubi ƙasa. Aka yi ta surutu, masu salati na yi, masu zagi na yi, wata tsohuwa ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin baƙin hali irin wannan ba. Lamidi bai ɗaga ba. Yana nan kife, yana jin haƙarƙarin Ɗan Gata na ɗagawa yana sauka a ƙirjinsa, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa a kunnen nan baƙi, har la'asar ta yi sanyi, haƙarƙarin ya sauka bai sake ɗagowa ba.

Shi kaɗai ya ja shi bayan gari a kan buhu. Mudi ne ya biyo shi daga baya ɗauke da magirbi, yana ƙunƙuni, suka haƙa rami mai zurfi yadda kare ba zai kai ba.

"Cinya biyu," in ji Mudi yana tura ƙasa. "Cinya biyu kamar na ɗan maraƙi. Allah ya isa tsakanina da Jamus."

Da safe hayaƙi ya tashi a bakin gonar Baba Maiwada. Tsohon da kansa ya tsaya 'ya'yansa suka sauke damin nan kaf, aka cinna wuta. Amma kada ka ce ya ba da haƙuri. Wanda duk ya tambaye shi sai ya ce ɗorawar ce nauyi ya yi wa yawa, kuma ragon da aka saba wa sabulu dama ba shi da ƙwari. Kuza dai, in ji shi, ba ta taɓa kashe kowa ba.

Shafa'atu ta sauka lafiya, mace, aka sa mata Maijidda. Wani ɗan bunsuru Iya Afusat ta samo a kasuwar Dayi, ƙafafu kamar sandar makaho, shi aka yanka. 'Yan suna suka ci abin da ya samu, suna fita suna cewa ai da wani ragon ne. Har yau in gardama ta haɗa Lamidi da wani a tasha, ƙarshenta sai an ce masa, "Kai da ka bar rago ya yi mushe." Bijiman nan biyu kuwa suna nan, sun yi rani a kan karan dawa, sun rame, sun tashi. Ba wanda ya taɓa nuna su ya ce ga abin da Lamidi ya yi, don saniyar da ba ta mutu ba ba ta da labari.

Bayan suna da 'yan kwanaki sai ga ɓurrr a bakin tasha. Malam Abdussamad ne, ya yi fes, biro ya zama huɗu, ga sabon gwangwani ɗaure a bayan babur. Ya tarar da Lamidi ya koma kan tsohuwar sana'a, taya a cikin kwanon ruwa yana neman inda take yoyo.

"Lamidi! Albishirinka. Manya sun ji daɗin gwajin nan ƙwarai. Baɗi gonar gaba ɗaya za mu fesa. Af, harawar fa, an ƙone?"

Lamidi bai ɗago ba. Ya juya tayar, kumfa ta taso, ya danna yatsa a wurin.

"An ƙone, Malam."

"Madalla. Na san ba za a sha wahala ba. To sai ka sanar da surukinka maganar baɗi."

Sai a nan ya ɗago. Ya nuna hanya da tayar da ke ɗigar ruwa.

"Ka ga lungun can mai bishiyar durumi? Gida na biyu, mai bijimai a ƙofa. Yana ciki, yanzu ya dawo daga masallaci. Ka cire takalmi tun daga zaure. In ya fara maganar Bukuru kada ka katse shi. Kuma Malam, kashe babur ɗin ka bar shi nan wurina, da ƙafa za ka."